Gwadabe Ba Ya Yanka

A kasuwar Talata Mafara, idan ka bi layin mahauta har ƙarshe, wajen da ake shanya fatu, akwai wani dakali da ƙasa ta cinye rabinsa. Nan Gwadabe ya yi shekaru yana zama. Ya haura tamanin da biyar, kuma tun ina saurayi na san shi a wannan layi da wuƙar fiɗa a hannu. Duk wanda ya taso a garin ya san abu ɗaya game da shi: Gwadabe ba ya yanka. Yana fiɗa, yana sara, yana raba ƙashi da tsoka, amma ba ya ɗora wuƙa a wuyan dabba. Matasan yanzu suna cewa alwashi ya yi. Na taɓa jin wani yana cewa ganin jini ne ba ya so, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a mahauta. Cikin waɗanda suka ga yadda abin ya faro ni kaɗai na rage, don haka na ga ya kamata in rubuta.

Ga wanda bai san sana'ar fawa ba, ba kowane mahauci ke yanka ba. A zamaninmu akwai mutum ɗaya da mahautan gari suka yarda da addininsa, ana kiransa mai yanka. Duk saniyar da za ta shiga kasuwa sai ta bi ta ƙarƙashin wuƙarsa, kuma da yardar da aka yi masa mutane ke cin nama hankali kwance. Mahaifin Gwadabe shi ne mai yanka, kamar yadda kakansa ya yi. Gwadabe ne babban ɗa namiji, ya sauke Alƙur'ani, kuma kowa ya san wuƙar gidansu hannunsa za ta koma.

Ni kuwa mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Gusau, shi ya sa ni makarantar mishan da ke can, abin da dangi suka daɗe ba su yafe masa ba. Idan an ba mu hutu nakan dawo gida da ɗaurin tsofaffin jaridun Ikko. Gwadabe, wanda ya girme ni da 'yan shekaru, yana gasa tsire da yamma, kuma takardar jarida ta fi ganye daɗin ƙunshe nama. Haka muka saba. Amma kafin ya yaga kowane shafi sai ya miƙo mini shi.

"Ɗan Mishan, wanga mai faɗin goshi wane ne?"

Sai in ce Nkrumah ne, na ƙasar Ghana, wanda Turawa suka ɗaure sannan suka dawo suka miƙa masa mulki. Ta wannan hanya, shafi bayan shafi, ya san Nehru, ya san Kenyatta wanda a lokacin yana tsare, ya san Gandhi. Ina karantawa da Turanci ina juya masa da Hausa, yana juya tsire yana yanke hukunci. Ranar da na gaya masa Gandhi ba ya cin nama sai da ya ajiye maficin da ke hannunsa.

"Ko kaza?"

"Ko kaza."

"To Allah ya tsare mu da mulkinai. Mutumen kirki ne, amma da nan garin ya sauka da mun mutu da yunwa."

Abin da ya fi kama shi a labaran nan shi ne yadda mutum ɗaya zai tsaya gaban masu iko ya ce ƙasar ta talakawanta ce. Bai yi boko ba, amma ya riƙe maganganunsu fiye da ni mai karantawa. Yakan maimaita su ga masu sayen tsire, wasu su yi dariya, wasu su waiwaya su ga ko akwai dogari kusa.

A shekarar 1959, ana shirin babban zaɓe, wani tela mai suna Mas'ud ya zo daga Gusau a kan keke ranar kasuwa. Ɗan jam'iyyar adawa ne, wadda yawancin magoya bayanta teloli ne da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa. Ya zo ya yi lacca, aka hana shi izini. An kuma riga an zagaya gari an ce kada wanda ya sauke shi. Na gan shi da idona da la'asar, zaune a gindin wata tsamiya a bakin kasuwa, keken a jingine, tayar baya ta sace. Ya nemi ruwan alwala a rumfa biyu aka ce babu.

Gwadabe ya bar tukubarsa ya tafi da buta. Ya ba shi ruwa, ya ba shi tsire, sannan ya tura keken da kansa har zauren gidansu. Iyakar abin da ya yi ke nan. Bai hau mumbari ba, bai yanki katin jam'iyya ba sai daga baya. Washegari Mas'ud ya gyara tayarsa ya koma, ba mu sake ganinsa ba. Bayan kwana kaɗan aka kama Gwadabe da laifin tayar da hankalin jama'a, ya yi watanni a gidan yari.

Yana can wani mai wa'azi ya tsaya a kasuwa ya ce duk wanda ya bi mutanen nan ya fita daga ɗa'ar shugabanni, kuma wanda ya fita daga ɗa'a akwai shakka a yankansa. Bai ambaci suna ba, ba ya bukata. Mahauta suka tsorata, don idan mutane suka fara tambayar ko naman kasuwa mushe ne, sana'a ta mutu. Mahaifin Gwadabe ya tsufa, ciwo ya kama shi. Dattawan mahauta suka zauna suka miƙa wuƙar ga Falalu, ɗan ƙanin mahaifinsa.

Ina wurin ranar da Gwadabe ya koma mahauta bayan an sake shi. An kayar da bijimi an ɗaure, sai ya nufi wajen kai kamar yadda ya saba yi a gefen mahaifinsa. Falalu ya tare shi, bai iya kallon idonsa ba.

"Yaya, dattawa sun ce ka dakata tukuna."

"In dakata har yaushe?"

"Har ƙura ta kwanta. Wallahi ba ni na nema ba."

"Na sani. Yanka abinka, rana na yi."

Ya koma wajen ƙafafun baya ya jira, da aka gama ya fara fiɗa. Ba a rubuta hukuncin nan a ko'ina ba, ba alƙalin da ya yanke shi, saboda haka babu wanda za a je wurinsa a ce ya ɗage shi. An ce ya dakata, kuma ba a sake kiransa ba. A al'adar mahauta kuwa mai yanka ba ya gabatar da kansa. Kiransa ake yi, a miƙa masa wuƙa. Gwadabe ya riƙe wannan ƙa'ida fiye da waɗanda suka hana shi.

Da aka samu 'yancin kai a 1960 an yanka shanu da yawa a garin, kuma kusan duk shi ya feɗe su. Na same shi da rana tsaka jini har gwiwar hannu, ana kiɗa a ƙofar fada.

"Ɗan Mishan," ya ce, "'yancin nan ya iso layinmu, ko shina Ikko tukuna?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. Muna samari, mun ɗauka abin na ɗan lokaci ne.

Na yi aikin koyarwa a Bakura, na yi a Maradun, na yi shekaru a makarantar wani ƙauye kusa da Kaya. Duk lokacin da na shigo gari sai na biya wurinsa. Jam'iyyu suka mutu, wasu suka taso, soja suka karɓa suka mayar. Mai wa'azin ya rasu, dattawan suka rasu, Falalu ma ya rasu wuƙar ta koma hannun wani. Dalilin ya ɓace, amma maganar ta zauna. Kowace babbar Sallah matarsa Fadima takan aika a kira maƙwabci ya yanka musu ragon layya, Gwadabe yana tsaye a gefe da wuƙar fiɗa. Ta taɓa ce masa a gabana, "Malam, ragonka ne, gidanka ne, wa zai hana ka?" Ya ce idan ya yanka a ɓoye a bayan katanga, ya yarda ke nan abin kunya ne. Yana so a kira shi a gaban mutane.

Bai daina bin labarin shugabannin nan ba. Da jaridu suka yi wuya ya sayi rediyo. Amma tambayarsa ta canza. A da yakan tambayi abin da suka ce. Da ya manyanta sai ya koma tambayar ranar da aka sake su daga kurkuku, wa ya je taryensu. Na gaya masa abin da na karanta game da Nkrumah, cewa dubban mutane suka ɗauke shi daga ƙofar gidan yari, har aka yanka tunkiya bisa al'adarsu don a wanke masa dauɗar ɗauri.

"Wa ya yanka tunkiyar?"

Na ce ba a rubuta ba.

"Ba su rubuta irin wannan," ya ce. "Ni da anka sake ni, bayan jakin wani mai itace na biyo har gari. Bai ma san daga inda na hito ba."

Ranar da aka saki Mandela muna tare, rediyon a kan dakali. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tashi ya ci gaba da kankare katakon sara, ko da yake ya riga ya kankare shi.

Fadima ta rasu shekarun baya. 'Ya'yansa suna Sakkwato da Gusau, suna aike, amma zuwa ya yi wuya tun da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga. Shanun da ake kawowa kasuwa sun ragu, abokan cinikinsa na Garbadu da Kaya da yawa sun daina shigowa. Ya daina fiɗa don bayansa, amma kowace Talata yakan zo ya zauna a dakalin. Matasan mahauta suna gaishe shi da ladabi, su ba shi 'yar tsoka, su wuce. Babu mai zama. Ni ne nake zama, ni ma ba kowane mako ba, don gwiwoyina.

Cikin jikokinsa wanda ya fi kusa shi ne Lukman, mai fataucin shanu zuwa kudu, yana zaune a Ruwan Gizo. Mutum ne mai fara'a, yana son kakansa, kuma wasan jika da kaka bai taɓa yankewa tsakaninsu ba. Bayan girbin bara matar Lukman ta haifi ɗa namiji. Ana gobe suna Gwadabe ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure yana wasa wata doguwar wuƙa a kan dutse.

"Gobe ni za ni yanka ragon," ya ce.

"Lukman ya ce maka haka?"

"Bai ce ba. Amma ni ne babba a gidan, kuma duk masu cewa a'a suna kwance cikin kushewa. In ya gan ni tsaye wajen kan rago zai gane."

"Bari in yi masa magana."

"Kul, Ɗan Mishan. In ka roƙa mini, roƙo ne."

Da gari ya waye sosai muka hau babura biyu zuwa Ruwan Gizo. Ya sa farar riga da na san ba ya sa ta sai Juma'a, wuƙar tana naɗe cikin tsumma a ƙarƙashinta. An yi addu'a, an raɗa wa yaro suna Sufyanu, an raba goro da dabino. Sannan aka jawo ragon bayan gida, aka haƙa ɗan rami, matasa biyu suka kayar da shi. Gwadabe ya tashi daga tabarma ba tare da sandarsa ba, ya taka har wajen kan ragon ya tsaya. Na ga hannunsa ya shiga cikin riga.

Lukman ya iso da na'ibin limamin unguwar, matashi mai tsabta, da wata sabuwar wuƙa.

"Kai, tsoho, mi kake nema nan?" ya ce yana dariya. "Ja da baya kada jini ya ɓata maka rigar angonci. Ko amarya za ka nema a wurin sunan?"

"In na nema ai kai za a bari."

"To ka ji! Ku kawo ma Kaka kujera ya zauna inuwa. Malam, bismilla. Shi Kaka ba ya yanka, sai an gama mu ga gwaninta wurin fiɗa."

Ba da raini ya faɗa ba. Ya kama kafaɗar kakansa a hankali ya kai shi kujera, kamar yadda ake kare dattijo daga abin da ba ya so. Gwadabe ya zauna. Hannun ya fito daga riga babu komai a cikinsa. Da aka gama suka kira shi fiɗa, ya ce bayansa na ciwo.

Ya hana ni roƙo, bai hana ni ba da labari ba. Da aka ci abinci na ja Lukman gefe na gaya masa duka, tun daga telan Gusau. Da na gama ya ce:

"Baba Malam, wallahi ko babana bai taɓa hwaɗa mini ba. Mu dai mun taso mun iske ana cewa ba ya yanka."

"Babanka ma haka ya taso ya iske."

"Ke nan yau da wuƙa ya zo?"

Na ce da ita ya zo. Ya so ya je ya sayo wani rago nan take, na ce kada ya yi, don tsohon zai gane tausayi ne. Muka yi shawara a bari sai babbar Sallah, a yi abin a ƙofar gida, gaban jama'a.

Da zafin bazara Gwadabe ya kwanta ciwo. Zazzaɓi ne da farko, daga baya ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi. Ya tashi, yana magana sarai, yana takawa da sanda, amma bai koma kasuwa ba.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, Lukman ya zo da babban rago fari. Ya gayyato maƙwabta, ya gayyato mai yankan kasuwa na yanzu da wasu dattawan mahauta, waɗanda duk 'ya'yan cikin Gwadabe ne a shekaru. Aka kayar da ragon a ƙofar gida aka fuskantar da shi alƙibla. Lukman ya shiga zaure ya fito da kakansa, ya durƙusa a gabansa ya miƙa masa wuƙa da hannu biyu. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Kaka, mun kira ka. Ka yanka muna."

Mai yankan kasuwa ya ce, "Bismilla, Baba. Wuƙar gidanku ce tun asali."

Gwadabe ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ba ni sandarsa, ya karɓi wuƙar, ya gwada kaifinta a farcen babban yatsa. Aka taimaka masa ya durƙusa. Ya shafa wuyan ragon da hannun hagu, ya lalubo wurin, ya ɗaga na dama. Muna gani bakin wuƙar yana rawa. Ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Rawar ta ƙaru. Ya riƙe wuyan hannun da ɗayan hannun, rawar ba ta tsaya ba.

Ya daɗe a haka.

"A'a," ya ce. "Hannun ga sai ya ja sau uku kafin ya gama. Dabbar ba ta yi mini komi ba."

"Kaka, in riƙe maka hannun mu ja tare."

"Wannan yankanka ne, ba nawa ba. Karɓi. Sa gwiwarka nan. Ƙasa kaɗan, ƙarƙashin maƙoshi. Kada ka ɗaga sai ka gama."

Lukman ya yi bismilla ya yanka, hawaye na zuba masa. Gwadabe ya duba yankan ya ce ya yi. Aka ɗaga shi aka mayar da shi zaure.

Da aka gasa hanta aka kawo masa ya ci yanki ɗaya. Dattawan mahauta suka shigo suka yi masa barka da Sallah, gaisuwa mai tsawo, sannan kowa ya nufi gidansa, don kowa da nasa ragon. Lukman ya raba naman, ya bar wa kakansa cinya, ya ce dole ya kama hanya da sauran rana saboda halin da hanyar take ciki. Ya durƙusa ya nemi gafara. Gwadabe ya ce babu komai, ya gode da kiran.

Muka rage mu biyu. Ana jin sara da hayaniyar yara daga gidajen maƙwabta. Na ce masa ko ba komai an kira shi, kuma a gaban mutane.

"An kira," ya ce.

Ya ɗora hannun daman a kan gwiwarsa yana kallonsa. Na zauna har aka kira azahar. Da na tashi tafiya ya ce in jawo masa ƙyauren zauren, hasken ya yi masa yawa.